AMSOSHIN WASIƘUNKU: IDAN AN NEMI MACE DA LALATA A WURIN AIKI, INA ZA TA KAI KUKA?

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar ta rediyo a makon jiya an buga ta a wannan shafi, domin wanda ya tafi fatauci ko batirinsa ya mutu ya samu ya karanta, ko ya sa yaro ya karanta masa.

Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Haɗeja, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa:

"Ƙanwata mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu. Shekara biyu ke nan tana aiki a wani injin casar shinkafa, tana cikin matan da ke tsinta da ɗurawa a buhu. Heluman wurin, wanda shi ke rubuta sunayen masu aiki kowace safiya, ya dame ta da maganar banza, har ya ce in tana son sunanta ya zauna a takarda sai ta same shi a ɗakinsa bayan an tashi. Da ta ƙi, sai ya soke sunanta, kuɗinta na mako uku kuma ya maƙale. Ba ta da takardar ɗaukar aiki, mu kuma ba mu da kuɗin lauya. Mahaifiyarmu ta ce a bar wa Allah don kada a ɓata mata suna. Shin doka ta san da irin wannan, ko kuwa sai haƙuri?"

To, Malam, Allah ya saka maka da alheri da ka tsaya wa 'yar'uwarka, Allah kuma ya ji ƙan mijinta. Amsa a taƙaice ita ce: doka ta san da shi, akwai kotun da aka ware domin irin wannan, akwai kuma ofisoshin da za su taimaka ba tare da an biya ko sisi ba. Amma akwai abu biyu da ke kayar da mai gaskiya a irin wannan magana, watau rashin shaida da jinkiri. Bari mu ɗauke su daki-daki.

ABIN DA DOKA TA CE

Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda shi ne uwar dokokin ƙasa, a sashe na 34 ya ce kowane mutum yana da haƙƙin a kiyaye mutuncinsa. A sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabilarsa, ko addininsa, ko don shi namiji ne ko mace. A shekarar 2010 aka yi wa Tsarin Mulkin gyara, wanda ya fara aiki a 2011, aka ƙara sashe na 254C. Wannan sashe ya ɗora wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda a labarai kukan ji ana ce mata Kotun Ɗa'ar Ma'aikata, nauyin sauraren duk wata ƙara da ta shafi aiki da albashi, kuma ya ambaci neman lalata da nuna bambanci a wurin aiki ƙarara, ba a kaikaice ba. Kotun tana zama a Abuja, tana kuma da rassa a garuruwa irin su Kano, Kaduna, Sakkwato, Bauci, Jos da Yola.

A ƙa'idojin da kotun ta fitar a 2017 an kasa wannan laifi gida huɗu. Na farko, taɓa jikin mace ba da yardarta ba, ko da da sunan wasa ne. Na biyu, maganar batsa, da zolayar da ta shafi jikinta, da naci bayan ta ce a'a. Na uku, abin da ba magana ba ne, kamar ishara ta rashin kunya ko nuna mata hotunan banza. Na huɗu kuwa shi ne na ba-ni-in-ba-ki, watau mai iko ya ce sai an biya masa bukata kafin ya ɗauka aiki, ko ya ƙara albashi, ko ya bar mutum a kan aikinsa. Malam, abin da ka bayyana a wasiƙarka ya faɗa cikin na biyu da na huɗu sak.

Kada kuma a ce wannan rubutu ne kawai a takarda. A watan Disamba na 2013 kotun, a zamanta na Legas, ta yanke hukunci a ƙarar da wata ma'aikaciya ta kai kamfanin Microsoft na Nijeriya da manajansa. Ta ce manajan yana taɓa ta da sauran mata, da ta ƙi yarda kuma aka sallame ta. Kotu ta gamsu, ta ba ta diyyar da ta haura naira miliyan 13. Abin lura a nan shi ne, ba manajan kaɗai aka kama da laifi ba, har da kamfanin, domin shi ya ɗora shi a kan mutane kuma bai kare su ba. Ashe ke nan mai injin casar nan ba zai naɗe hannu ya ce ai ba ni na yi ba, heluma ne.

Bayan wannan akwai ɓangaren laifi, wanda shi na 'yan sanda ne. Dokar Final Kod da ake aiki da ita a Arewa tun 1960 ta tanadi hukunci ga wanda ya kai wa mace hannu da nufin keta mutuncinta, haka ma dokokin Shari'a na jihohin da suka kafa su daga shekarar 2000. A 2015 kuma gwamnatin tarayya ta yi dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP, jihohi suka riƙa ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya: Kaduna a 2018, Bauci a 2020, Jigawa a 2021. A ƙarƙashinta kotu tana iya ba da odar kariya, watau ta hana mutum kusantar wadda yake tsangwama ko aika mata barazana.

RASHIN TAKARDAR ƊAUKAR AIKI

Wannan shi ne ya fi karya wa talaka gwiwa, alhali kuwa bai kamata ba. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta ce yarjejeniyar aiki tana ƙulluwa ko da baki ko a rubuce. Muddin an ce zo ka yi kaza a biya ka kaza, ka zo ka yi, to, kai ma'aikaci ne a idon doka. Haƙiƙa ma dokar ta ɗora wa mai wurin aiki ne ya ba ma'aikacinsa takarda kafin wata 3 da fara aiki. In bai bayar ba, shi ya saɓa, ba ƙanwarka ba.

Har ila yau dokar ta ce ba a sallamar mutum haka kwatsam. Wanda bai wuce wata 3 ba, notis ɗin kwana 1 ne. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Daga shekara 5 zuwa sama, wata 1. In ba a ba da notis ba, sai a biya kuɗin kwanakin. Kuɗin aikin da aka riga aka yi kuwa bashi ne, babu wani dalili da zai sa a riƙe shi. Saboda haka kuɗin nan na mako uku shi ne mafi sauƙin karɓowa a cikin maganar baki ɗaya.

SHAIDA

Alƙali ba ya wurin lokacin da abin ya faru, kuma mai irin wannan hali ba ya yi a gaban jama'a. Don haka tun kafin a je ko'ina, a zauna a tattara abin da ke hannu.

Da farko ta faɗi abin da ya faru tun daga farkonsa, wani amintacce ya rubuta, da boko ko da ajami: wace rana, ƙarfe nawa, a wane wuri, me ya ce, me ta ce, wa ke kusa. In ba ta tuna kwanan wata ba, a kama da ranar kasuwa ko wani abu da ya faru a gari. Abin da aka rubuta da wuri ya fi abin da za a tsaya ana lalube a ka bayan shekara guda.

Na biyu, waya. In ya taɓa aiko mata saƙo, ko ya yi ta kira da tsakar dare, ko ya turo murya ta WhatsApp, kada a goge don ɓacin rai, kada kuma a sayar da wayar ko a yar da layin. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a kawo wa kotu abin da ke cikin waya da kwamfuta, lauya ya san yadda ake gabatar da shi.

Na uku, abokan aiki. Da wuya a ce ita kaɗai ya taɓa yi wa haka. Ta yi magana da matan da ta amince da su a hankali, musamman waɗanda suka riga suka bar wurin, domin su ba su da tsoron a kore su. Mace biyu ko uku su faɗi magana iri ɗaya a kan mutum ɗaya, wannan ba ƙaramar hujja ba ce. Ko wanda ya san tana zuwa aiki kullum, kamar mai gadi ko mai sayar da abinci a bakin ƙofa, shaida ne a kan cewa ta yi shekara biyu a wurin.

Na huɗu, a sanar da mai injin. Kai Malam, ka ɗauki wani dattijo mai mutunci ku je ku same shi, ku miƙa masa ƙorafin a rubuce, ku riƙe kwafi. Wani mai gidan bai san abin da yaransa ke yi ba, yana ji zai gyara. In kuwa ya ji ya share, to, wannan takarda ta zama igiyar da ta ɗaure shi.

Ga kuma gargaɗi. Kada a tafi bakin kasuwa ana shela, kada a sa a Facebook, kada kuma a ƙara gishiri. A faɗi abin da ya faru kawai, ga hukumar da ta dace. Wanda ya jefi wani da zina ba shi da shaidu, a jihohin da ke bin Shari'a yana iya faɗawa cikin hukuncin ƙazafi, bulala 80, ga kuma ƙarar ɓata suna. Cewa wane ya neme ni na ƙi sai ya kore ni, wannan ƙorafi ne, hukuma za ta bincika. Haka kuma kada samarin gida su ɗauki sanda su tare shi a hanya. Ranar da aka fasa masa kai, ranar mai gaskiya ya koma mai laifi.

INA ZA A JE BA TARE DA KUƊI BA?

Wuri na farko shi ne Hukumar Ba da Agajin Lauyoyi, wadda a allon ofishinta za ku ga an rubuta Legal Aid Council. An kafa ta a 1976, aka sabunta dokarta a 2011, tana da ofis a babban birnin kowace jiha. An yi ta ne domin wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda tun 2024 yake naira 70,000 a wata. Suna ba da shawara, suna shiga tsakani, suna kuma tsayawa a kotu a kan ƙarar take haƙƙi.

Na biyu, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995. Ita ma tana da ofis a jihohi, ba a biyan kuɗin shigar da ƙorafi, kuma tana da ikon kiran wanda ake ƙara ya zo ya yi bayani.

Na uku, Hukumar Sauraren Koke-koken Jama'a, wadda ke nan tun 1975. Tana bincika ƙorafi a kan ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu rajista, kamar riƙe albashi da kora ba bisa ƙa'ida ba. Sai dai a lura, dokarta ta hana ta karɓar ƙorafin da ya wuce wata 12 da faruwa, ba ta kuma shiga maganar da ta riga ta je kotu.

Na huɗu, ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke babban birnin jiha. Jami'an ƙwadago aikinsu ke nan, su kira mai wurin aiki a zauna a kan kuɗin da aka riƙe.

Na biyar, ƙungiyoyin mata. Akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wadda ke Nijeriya tun 1964, da ƙungiyar WRAPA da aka kafa a 1999. Amfanin zuwa wurinsu shi ne mace za ta tarar da 'yar'uwarta mace, ta faɗi abin da ba za ta iya faɗa a gaban namiji ba. Ciwon 'ya mace ai na 'ya mace ne.

Shawarata a gare ka, Malam, ku shirya rana guda ku tafi Dutse da sassafe, kai da ita, da takardar da kuka rubuta da wayarta. Ku fara da ofishin lauyoyin agaji ko na haƙƙin ɗan Adam, su za su duba su ce wannan na ofishin ƙwadago ne, wannan na kotu ne, wannan na 'yan sanda ne. Kuɗin mota da na abinci dai naku ne. Duk wanda ya tare ku a bakin ƙofa ya ce ku kawo kuɗin buɗe fayil, ku nemi ganin shugaban ofis.

Ba zan ɓoye maka ba, shari'a a kotu tana cin lokaci, ana ɗagawa ana sake ɗagawa, har mutum ya gaji. Shi ya sa yawancin irin wannan magana a teburin sulhu take ƙarewa, ita kanta Kotun Ma'aikata tana da sashen sulhu tun 2015. Sulhu alheri ne, amma a yi shi a rubuce, a gaban jami'i ko lauya, a faɗi nawa za a biya da ranar biya. Kada ta dangwala yatsa a takardar da ba a karanta mata ba. In kuma wurin aikin na gwamnati ne, a ƙara sauri, domin akwai dokar da lauyoyin gwamnati kan kafa hujja da ita cewa ƙarar jami'i ba ta wuce wata 3.

In kuwa abin ya kai ga fyaɗe, Allah ya kiyaye, to, wannan ba maganar ofishin ƙwadago ba ce. Asibiti za a fara zuwa, cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin rigakafin cutar ƙanjamau yake aiki. Kada a wanke tufafin. Akwai cibiyoyin da aka buɗe musamman don haka, kamar Salama a Jihar Kaduna da Waraka a Kano, inda ake duba mutum a asirce. Daga nan sai 'yan sanda.

WASIƘA TA BIYU

Wannan kuma daga wata baiwar Allah ce a ƙasar Funtuwa. Ta ce shekara uku tana tsaron wani babban kanti, da cikinta ya fito sai mai kantin ya ce ta je gida, shi ba ya aiki da mai ciki, washegari ya ɗauki namiji. Ta ce ko da ma can, abin da ake ba ta bai kai na yaron da suke aiki iri ɗaya ba.

To, 'yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ya ba mai ciki hutun mako 12, watau 6 kafin haihuwa, 6 bayanta, in ta kawo takardar likita. In ta yi wata 6 ko fiye a wurin, za a riƙa biyanta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun, kuma ba a yarda a ba ta notis ɗin sallama tana cikin hutun ba. In ta dawo, tana da rabin awa sau biyu a rana don shayar da jariri. Korar mace don kawai ta ɗauki ciki kuwa bambanci ne, Kotun Ma'aikata tana sauraren irinsa. A watan Janairu na 2023 kotun, a zamanta na Akure, ta soke wata tsohuwar ƙa'idar 'yan sanda da ta ce a kori 'yar sanda mace in ta yi ciki ba ta da aure, ta kuma ba wadda aka kora diyyar naira miliyan 5. Kotu ba cewa ta yi abin da aka aikata daidai ne ba. Cewa ta yi ƙa'ida ba za ta kama mace ta ƙyale namiji ba. To, in haka ne a can, ina ga ke da kike ɗakin mijinki?

Batun albashi kuwa, sashe na 17 na Tsarin Mulki ya ambaci biya ɗaya ga aiki ɗaya ba tare da duba namiji ko mace ba, Nijeriya kuma ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a kan haka tun 1974. A 2022 ma ta amince da wata sabuwa, mai lamba 190, a kan hana cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Ofisoshin da na lissafa wa Malam, ke ma su ne naki. Ki tafi da katin awon ciki da duk wata shaidar biyan albashi.

GARE MU BAKI ƊAYA

Na san cikin masu saurarenmu akwai masu shaguna, da masu ɗaukar mata tsintar riɗi, da roron gyaɗa, da dashen shinkafa. Alhaji, wanda ka ba littafin rubuta suna, ka ba shi wuƙa da nama a kan abincin marayu. Ka riƙa leƙawa. Ka sa mace dattijuwa a kan mata, a biya kuɗi a fili a gaban kowa, in buhu ake lissafi a biya kowa kuɗin buhu ɗaya. 'Yar kasuwa kuma da wani mai raba rumfa ko dillali ya matsa mata da irin wannan, tunda ba shi ya ɗauke ta aiki ba, hanyarta ita ce 'yan sanda da Hukumar Haƙƙin Ɗan Adam.

Daga ƙarshe, Malam, ka gaishe mana da Inna. Tsoron da take ji ba na banza ba ne, mun san bakin mutane, mun san za a ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma a gaya mata, bangon nan bai tsage ba, shi ya sa ma aka kori 'yarta. Wadda ta zaɓi yunwa a kan ta zubar da mutuncinta, ba ita ke da abin kunya ba. Barin wa Allah kuma bai hana neman haƙƙi ba. In aka yi shiru, littafin yana nan a hannun heluma, gobe wata bazawarar ce za ta tsaya a gabansa, wataƙila ita ba ta da wa irinka. Duk da haka kada a tilasta wa ƙanwar taka, maganarta ce, a nemi yardarta kafin a ɗaga ƙafa, in ta yarda kuma kada a bar ta ta tafi ita kaɗai.

Nan za mu dasa aya. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu amsa wasiƙun da suka taru a kan jinginar gona da rikicin da kan biyo baya in mai gonar ya rasu. A ci gaba da aiko mana, wanda ba ya son a faɗi sunansa ya rubuta haka a saman takarda. Allah ya rufa mana asiri duniya da lahira. Ku huta lafiya.